Kwamfutar gida ta yi nauyi: yadda za ka gano ciwonta, ka wanke ta, ka zaɓi antibairos na kyauta

Da zarar kwamfutar gida ta fara jan ƙafa, hukunci ɗaya ake yankewa: ta kama bairos. Daga nan sai a kai ta shago a yi mata fomatin, ko a jibga mata antibairos biyu ko uku, bayan wata guda kuma ta koma gidan jiya. A kwamfutocin da ke gidajenmu na Katsina da Daura, waɗanda galibinsu na hannu ne da aka shigo da su daga waje, nauyin yakan fito daga wuri uku: bairos na gaskiya, tarkacen manhajojin da ke tashi tare da kwamfutar ba tare da an kira su ba, da gajiyar kayan ciki wadda ƙura da zafi ke ƙara wa. Kowanne da nasa magani. Antibairos ba ya gyara faifan da ya tsufa, sabon faifai kuma ba ya korar ɓarawon da ke kwasar kalmomin sirrinka.

Bayanin nan na Windows 10 da Windows 11 ne. Sunayen wuraren da za ka latsa na bar su yadda za ka gan su a allon, domin ka same su ba tare da lalube ba.

Kafin ka taɓa komai

Ka kwashe abin da ba za ka iya jure rasawa ba. Furojet ɗin ɗalibi, hotunan biki da na suna, lissafin shago, takardun fili da aka ɗauka a hoto. Ka zuba su a filasha ko faifan waje, amma takardu da hotuna da bidiyo kaɗai. Kada ka kwafi manhaja ko fayil ɗin da sunansa ya ƙare da exe ko vbs ko lnk ko bat, domin a cikinsu cutar take ɓuya. Idan ka gama, ka cire filashar ka ajiye, sai an wanke kwamfutar za a bincike ta ita ma.

Sannan ka zaɓi lokacin da kake da wuta. Cikakken bincike a tsohon faifai yana iya cin sa'o'i, kuma idan wuta ta ɗauke a tsakiya ga batir ya mutu, daga farko za ka sake. Mai sola ya fara da hantsi. Mai jiran wutar layi ya cika batir tukuna.

Akwai hali ɗaya da yake bukatar gaggawa. Idan ka ga sunayen takardunka suna canzawa, an maƙala musu wani baƙon wutsiya, sun ƙi buɗewa, ga wata takarda ta bayyana tana neman kuɗi, to ka kashe intanet nan take, ka cire duk filasha, ka kashe kwamfutar. Wannan manhajar garkuwa da fayiloli ce, zan dawo kanta.

Gano inda ciwon yake

Kunna kwamfutar, ka ba ta kamar minti biyar ta natsu, kada ka buɗe komai. Sai ka danna Ctrl da Shift da Esc tare. Task Manager zai fito. Idan ƙaramin akwati ka gani, latsa More details. A shafin Processes akwai layuka uku da za ka zuba wa ido: CPU, Memory, Disk.

Idan Disk ya tsaya a kashi 100 ko kusa da haka alhali ba ka aikin komai, yawanci faifan ajiya ne tsohon yayi, mai juyawa, wanda ake kira HDD. Leƙa shafin Performance, a can za a rubuta maka ko HDD ne ko SSD, wato sabon yayin faifai mara juyawa. Idan Memory ya haura kashi 80 tun ba ka buɗe burauza ba, RAM ɗin, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a cikinta, ya yi kaɗan ko kuma manhajoji sun yi cunkoso. Idan kuwa CPU ne, wato injin da ke sarrafa aikin kwamfutar, ke sama, fanka na ta kuka, ka latsa kan kalmar CPU domin mai cin ƙarfin ya hau sama. Ka ga suna wanda ba ka sani ba? Danna shi da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Open file location. Manhajar kirki takan zauna a Program Files ko cikin Windows. Wadda ka tarar ta maƙale a AppData ko Temp da suna mara kan gado, abin zargi ce, kodayake akwai manhajojin gaskiya da ke zama a AppData, don haka kada ka goge da hannu, ka bar wa bincike.

Wata alama da mutane ba su cika lura da ita ba: fanka na gudu kamar za ta tashi, amma kana buɗe Task Manager sai ta yi tsit. Wasu manhajojin da ke haƙar kuɗin kirifto da kwamfutar mutane a ɓoye an tsara su su dakata idan an buɗe wannan shafin.

Sauran alamun bairos na gaskiya su ne tallace-tallace da ke faɗowa ko ba ka kan intanet, shafin farko na burauza ya canza da kansa, baƙin akwati ya yi walƙiya ya ɓace lokacin kunnawa, filasha ta koma cike da gajerun hanyoyi masu ɗan kibiya, ko abokai su ce ka aiko musu da saƙon da ba ka rubuta ba.

Duba ko an kashe mai gadin gidan

Windows 10 da 11 suna zuwa da antibairos nasu, Microsoft Defender, a cikin manhajar Windows Security. Abin da yake faruwa a nan shi ne, masu ɗora manhajoji a shago sukan kashe shi da gangan, saboda yana kama 'yan manhajojin da suke amfani da su wajen buɗe Windows da Office na sata. Mai kwamfuta ya tafi gida bai san ƙofarsa a buɗe take ba.

Latsa Start, rubuta Windows Security, shiga Virus & threat protection, sannan Manage settings. Tabbatar Real-time protection da Cloud-delivered protection da Tamper Protection duk a kunne suke. Gangara ƙasa zuwa Exclusions, ka latsa Add or remove exclusions. Wannan jerin wuraren da aka ce wa Defender kada ya leƙa ne. Idan ba kai ka saka su ba, ka cire su duka. Wani lokaci za ka tarar an saka faifan C gaba ɗayansa, wato antibairos yana kunne amma an hana shi duba ko'ina.

Idan akwai tsohon McAfee ko Norton na gwaji da wa'adinsa ya ƙare, ko wani antibairos da ba a sabunta ba tun ranar da aka sayi kwamfutar, cire shi ta Settings, Apps. Defender yakan ja da baya idan ya ga wani antibairos a gidan, sai an cire wancan yake karɓar aiki sosai.

Yanzu sabuntawa. Antibairos da bai karɓi sababbin bayanai ba bai san cututtukan bana ba. A shafin nan dai, latsa Protection updates, sannan Check for updates. Mai amfani da datar waya ya sani cewa idan ya saita layinsa a matsayin Metered connection domin tsimin data, Windows yana jinkirta wasu sabuntawar, don haka ka riƙa latsa wannan maɓallin da kanka ko sau ɗaya a mako.

Wankin, bi da bi

Fara da cire abin da ido ke gani. Settings, Apps, ka jera su bisa ranar da aka ɗora. Duk wata manhaja mai alƙawarin ƙara wa kwamfuta gudu, ko sabunta direbobi (manhajojin da ke sa kayan cikin kwamfuta aiki), ko wanke rajista, ko wani sandan bincike da ya maƙale a burauza, ka cire. Abin da ke ɗauke da sunan Microsoft, Intel, AMD, Nvidia, Realtek ko kamfanin da ya ƙera kwamfutar, ka ƙyale shi.

Sai babban bincike. A Virus & threat protection, latsa Scan options, ka zaɓi binciken Microsoft Defender Offline. Kwamfutar za ta mutu ta tashi, ta yi bincike kafin Windows ya gama farkawa, lokacin da bairos bai samu damar ɓuya ko kare kansa ba. Yakan ɗauki kamar minti 15. Idan ta dawo, ka koma Scan options ka zaɓi Full scan, ka bar ta ta yi ta yi. Sakamakon yana Protection history. Abin da aka kama, zaɓi Remove ko Quarantine.

Bayan haka ka nemi ido na biyu. Malwarebytes yana da sigar kyauta wadda ke bincike duk lokacin da ka umarce ta, kuma ya ƙware wajen kama tarkacen talla. Da farko yakan ba ka gwajin sigar kuɗi na 'yan kwanaki, idan ya ƙare ya koma na kyauta, ba dole ka biya ba. Kamfanin yana da wata ƙaramar manhaja, AdwCleaner, wadda ba a ma ɗora ta, buɗewa kawai ake yi, cikin 'yan mintoci ta share abin da ya addabi burauza. Ka sauke su daga shafin kamfanin kansa, ka rubuta adireshin da hannunka. Sakamakon farko a Google sau da yawa talla ne, kuma 'yan damfara suna sayen wannan gurbin da sunan manhajoji sanannu.

Idan bairos ya hana ka buɗe antibairos ko sauke shi, shiga Safe Mode. Riƙe Shift ka latsa Restart, sannan Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, Restart, ka danna lamba 5 domin ka samu intanet a ciki. A wannan yanayin Windows yana tashi da abin da ya zama dole kaɗai, yawancin cututtuka suna kwance.

Bairos ɗin filasha

Wannan shi ne namu na gida, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Duk wanda ya taɓa kai filasha shagon buga takardu a bakin jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ko kwalejin Hassan Usman, ko kwalejin Yusufu Bala Usman a Daura, ko lokacin cike fom na JAMB, ya san yadda abin yake. Kwamfuta ɗaya tana karɓar filashar mutum ɗari a yini, ko mai shagon ya kai kowa tsafta, ɗaya daga ciki za ta zo da cuta. Ka dawo gida ka saka taka, ka tarar foldojinka sun koma gajerun hanyoyi masu kibiya a gefe.

Fayilolinka ba su ɓata ba. Bairos ɗin ɓoye su ya yi, ya ajiye gajerun hanyoyi masu sunansu da kamarsu. Kana latsa ɗaya, zai buɗe maka foldar domin kada ka yi zargi, a bayan fage kuma ya dasa kansa a kwamfutarka. Tun zamanin Windows 7 filasha ba ta iya tayar da manhaja da kanta don an saka ta kawai. Latsawarka yake jira. Saboda haka doka ta farko ita ce kada ka latsa komai mai kibiya a cikin filasha.

Ga yadda za ka dawo da kayanka. Saka filashar, buɗe This PC, ka lura da harafin da aka ba ta, a ce E. Danna ta da maɓallin dama ka zaɓi binciken Microsoft Defender, a Windows 11 sai ka fara latsa Show more options. Idan ya gama, latsa Start, rubuta cmd, zaɓi Run as administrator, ka rubuta wannan daidai, kana sauya E da harafin taka:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Danna Enter, ka jira. Umarnin yana cire alamar ɓoyewa daga komai da ke cikin filashar. Buɗe ta, za ka ga foldojinka na gaskiya, wani lokaci a cikin wata folda mara suna. Goge gajerun hanyoyin da duk baƙon fayil mai vbs ko js ko exe. Kwashe takardunka zuwa kwamfuta, ka yi wa filashar fomatin, ka mayar.

Idan ka wanke filasha amma kana sake saka ta kibiyoyin suka dawo, cutar tana cikin kwamfutarka ne. A Task Manager nemi wscript.exe ko Microsoft Windows Based Script Host ka tsayar da shi, ka leƙa shafin Startup ka kashe baƙon abin da ke can, ka maimaita binciken Offline.

Abu biyu za su rage maka wannan wahala. Na farko, ka sa Windows ya riƙa nuna wutsiyar sunan fayil: a File Explorer, View, ka kunna File name extensions. Daga nan fayil mai suna furojet.pdf.exe ba zai yaudare ka ba. Na biyu, ka daina kai filasha shago idan akwai yadda za a yi. Mayar da takardar PDF, ka tura wa mai shagon ta WhatsApp ko imel, ya buga. In kuwa dole sai filasha, ka ware guda ɗaya ta yawo, wadda babu komai a cikinta sai abin da za a buga.

Burauza da kalmomin sirri

Saƙonnin nan da ke faɗowa daga kusurwar allo suna cewa an gano bairos biyar, latsa nan ka wanke, mafi yawansu ba daga antibairos suke ba ko da suna ɗauke da tambarin McAfee. Wani shafi ne da aka taɓa latsa wa Allow, galibi shafin sauke fim ko kallon ƙwallo. A Chrome shiga Settings, Privacy and security, Site settings, Notifications, ka cire duk shafin da ba ka sani ba. Leƙa Extensions ka cire baƙi. Idan abin ya yi yawa, Reset settings yana mayar da burauzar yadda ta zo ba tare da ya goge shafukan da ka adana ba.

Idan binciken ya kama wani abu mai suna Trojan ko Stealer, ka ɗauka cewa duk kalmar sirrin da aka adana a burauzar ta fita. Canza su daga wayarka, ba daga kwamfutar ba: imel da farko, domin da shi ake sake saita sauran, sannan Facebook da banki. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu. A WhatsApp duba Linked devices ka fitar da na'urar da ba ka gane ba. A asusun Google da Facebook akwai wurin fitar da kai daga duk na'urori, ka yi amfani da shi, saboda ɓarayin kan saci zaman da ka riga ka shiga, wanda ba ya bukatar kalmar sirri.

Wane antibairos za ka riƙe

Ra'ayina a fili yake: ga gida mai Windows 10 ko 11, Defender ya isa, muddin yana kunne kuma ana sabunta shi. Shekarun baya ana raina shi, kuma da dalili. Amma ɗakunan gwaji masu zaman kansu, AV-TEST na Jamus da AV-Comparatives na Ostiriya, sun daɗe suna jera shi kusa da na kuɗi wajen kama cuta. Ba ya talla, ba ya ƙarewa, ba ya neman katin banki. Rauninsa da ya shafe mu shi ne yana dogara sosai da intanet wajen gane sababbin cututtuka, don haka kwamfutar da ke wata uku ba ta ga intanet ba kariyarta ta ragu. Ga irin wannan, Microsoft yana ajiye fayil ɗin sabuntawa a shafinsa, mai suna mpam-fe.exe, wanda za ka iya saukewa a wani wuri ka kawo ka buɗe.

Idan ranka ya fi kwanciya da wani daban, ga waɗanda aka sani. Bitdefender, kamfanin ƙasar Romaniya, yana da sigar kyauta mai ƙarfi wadda ba ta da yawan surutu, sai dai tana bukatar ka buɗe asusu da imel. Avast da AVG da Avira duk suna kama cuta da kyau, amma kada ka zaci kamfanoni uku kake zaɓa tsakaninsu: Avast ya sayi AVG a 2016, kuma tun 2022 dukansu suna ƙarƙashin kamfani ɗaya da Norton, wato Gen Digital. Suna yawan damun mutum da tallan sigar kuɗi, suna nuna maka jan rubutu cewa kwamfutarka na da matsaloli domin ka biya. Banza ba ta kai zomo kasuwa: a 2024 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta sa Avast biyan dala miliyan 16.5 kan sayar da bayanan shafukan da mutane ke ziyarta ta hannun wani reshensa mai suna Jumpshot, wanda aka rufe a 2020. Idan za ka ɗora ɗayansu, ka karanta kowane shafi lokacin ɗorawa, ka cire alamar amincewa daga ƙarin burauza da raba bayanai.

Kaspersky na Rasha ya yi suna wajen iya aiki. Gwamnatin Amurka ta haramta sayar da shi a ƙasarta a 2024 bisa dalilan tsaro, kamfanin kuma ya musanta zargin. Haramcin na Amurka ne, amma ya kamata ka sani kafin ka zaɓa.

Sai Smadav, wanda kusan kowace kwamfutar shago a arewa tana da koren tambarinsa. Daga Indonesiya yake, kuma masu shi da kansu suna gabatar da shi a matsayin ƙarin kariya, musamman ta filasha. Yana da amfani wajen fito da fayilolin da aka ɓoye. Kuskuren da ake yi shi ne a kashe Defender a bar shi shi kaɗai.

Ko wanne ka zaɓa, guda ɗaya mai gadin dindindin za ka bari. Biyu suna binciken fayil ɗaya a lokaci ɗaya, kowanne yana zargin ɗan'uwansa, kwamfuta mai RAM 4 kuwa ba za ta ɗauka ba. Malwarebytes na kyauta bai shiga wannan lissafin ba tunda sai an kira shi yake aiki. Kuma kada ka yarda a ɗora maka antibairos na kuɗi da aka fasa, wato na sata. Wanda ya fasa shi ba don Allah ya yi ba.

Fayil ɗaya da kake shakka, kana iya ɗora shi a shafin VirusTotal, inda injinan bincike masu yawa za su duba shi a tare. Banda takardun sirri, domin abin da aka ɗora a can masu bincike na iya ganinsa.

Manhajojin sata

Ana sayen laftof, mai shago ya ce, “Alhaji, na cika maka ita da komai,” a ji daɗi. Cikin wannan komai ɗin akwai Office da CorelDraw da Photoshop da wasannin yara, duk fasassu, da ɗan abin buɗe Windows irin su KMSpico, wanda jabunsa masu ɗauke da cuta suka cika intanet. Manhajar garkuwa da fayiloli da ta fi addabar kwamfutocin gida, STOP ko Djvu, ta wannan hanyar take yaɗuwa. Tana kulle takardu ta nemi kuɗi, a shekarun baya dala 980, ko 490 idan an tuntuɓi masu ita cikin kwana uku.

Wanda abin ya same shi kada ya biya, babu tabbacin za a buɗe masa. Kada kuma ya goge fayilolin da aka kulle. Ya kwafe su gefe, ya duba shafin No More Ransom, wanda 'yan sandan Turai da wasu kamfanonin tsaro suka buɗe a 2016, inda ake ajiye mabuɗan kyauta na nau'o'in da aka samu galaba a kansu. Wasu nau'in suna buɗuwa, da yawa ba sa buɗuwa. Wanda ke da kwafi a filashar da ke cikin durowa, shi ne kawai ke fita ba asara.

Ga rubutu da lissafi, LibreOffice kyauta ne kuma yana buɗe takardun Word da Excel. Ga bidiyo da karatun malamai, VLC. Yara kuma a buɗe musu nasu asusun a Windows, irin Standard, wanda ba ya iya ɗora manhaja sai da kalmar sirrin babba.

An wanke, amma nauyin na nan

A Task Manager shiga Startup, ka kashe duk abin da ba ka bukata da an kunna: Skype, Teams, Spotify, Adobe, uTorrent da makamantansu. Kashewa a nan ba gogewa ba ce. Duba faifan C, idan ya yi ja ka rage masa kaya: rubuta Disk Cleanup a Start, ka latsa Clean up system files, ka kwashe finafinai zuwa faifan waje. Idan bairos ya lalata wasu fayilolin Windows, buɗe cmd kamar ɗazu ka rubuta sfc /scannow.

Sai ƙura. Hunturu ɗaya a Katsina ya isa ya toshe hancin fankar laftof, bazara kuma ta zo da zafin da ke haura digiri 40. Idan injin ya yi zafi, da kansa yake rage gudu domin kada ya ƙone, mai shi kuma ya ce bairos ne. Taɓa gefen da iska ke fita: in iskar ba ta da ƙarfi ga ƙasan kwamfutar ya yi zafi, a buɗe a share, a sauya man da ke tsakanin injin da ƙarfen sanyaya shi. Shekara-shekara bayan hunturu ya dace. Kada a ɗora ta a katifa ko filo ko kafet. Caja ma tana da hannu: wasu laftof, musamman Dell, suna rage gudu ƙwarai idan ba su gane cajar ba ko ƙarfinta bai kai ba. Mai kwamfutar tebur ya nemi UPS, wato akwatin batir mai riƙe kwamfuta idan wuta ta ɗauke, domin ɗaukewar wuta farat ɗaya tana lalata fayiloli.

Idan faifanka HDD ne, sauke CrystalDiskInfo ka ga lafiyarsa. Good, da sauran kwana. Caution ko Bad, ko kana jin yana ƙas-ƙas, kwashe kayanka yau. Babu gyaran da ke canza tsohuwar kwamfuta kamar sauya HDD da SSD. Wadda ke cin mintoci kafin ta tashi sai ta koma tashi cikin daƙiƙoƙi, ko da mai gigabait 256 ne. Bayansa sai RAM, daga 4 zuwa 8. Kuɗin da za ka kashe a antibairos na shekara, nan ya fi dacewa da su. Tsohon faifan kuma, in yana da lafiya, a saka shi a ɗan akwatinsa ya zama faifan waje na ajiya.

Lokacin da fomatin ya zama dole

Idan cutar tana dawowa bayan duk wannan, ko Windows Security ya ƙi buɗewa sam, ko an kama mai satar kalmomin sirri a kwamfutar da ake harkar kuɗi da ita, a sake Windows. Akwai Reset this PC a cikin Settings, amma ga kwamfutar da ta kamu sosai ya fi tsafta a sauke Media Creation Tool daga shafin Microsoft a wata kwamfuta mai lafiya, a haɗa filasha mai gigabait 8 ko fiye, a ɗora sabo. Yawancin laftof na HP da Dell da Lenovo da suka zo da Windows 10 ko sama da haka lasisinsu na cikin allon injin, Windows zai gane shi da kansa idan an ɗora sigar da ta dace, Home ko Pro, ba sai an nemi abin fasawa ba.

In shago za ka kai, ka kwashe hotunan iyali da takardun sirri tukuna, ka fita daga imel da WhatsApp. Ka faɗa masa a fili: “Malam, Windows kaɗai nake so da direbobi. Kada ka kashe Defender, kada ka sa mini komai fasasshe.” Kafin ka bar shagon ka buɗe Exclusions a gabansa ka gani.

Rubuta winver a Start ka ga wane Windows kake da shi. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a Janairun 2020, Windows 8.1 a Janairun 2023, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoba 2025, sai dai ya buɗe shirin ƙarin sabuntawar tsaro ga masu gida zuwa Oktoban 2026, wanda ake shiga ta Windows Update. Antibairos ba ya toshe ramin da ke jikin Windows kansa. WannaCry da ya ratsa duniya a watan Mayun 2017 ya shiga ne ta ramin da Microsoft ya riga ya fitar da facinsa tun watan Maris, kwamfutocin da ba a sabunta ba su ya kama. Windows 11 yana bukatar RAM 4 aƙalla, da guntun tsaro na TPM 2.0, da injin Intel na ƙarni na 8 zuwa sama ko makamancinsa na AMD, abin da ya bar da yawa daga cikin laftof ɗin HP EliteBook da Dell Latitude na hannu da ke kasuwanninmu a waje. Manhajar PC Health Check za ta gaya maka matsayin taka. Wadda ba ta cancanta ba, idan aikinta rubutu ne da intanet da kallo, Linux Mint kyauta ne, yana tafiya da sauƙi a tsofaffin injina, yana zuwa da LibreOffice da Firefox, kuma bairos ɗin filashar shago ba ya aiki a kansa. Ana iya gwada shi daga filasha ba tare da an goge komai ba, ka tabbatar firintarka da wayfai suna aiki kafin ka yanke shawara.